Rumbun Sanyin Yaya Lawali

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Lawali ya rasu. Da safen nan ƙanwarsa ta kira ni daga Mayahi ta faɗa mini.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne babba na a wurin aiki, nan Yamai. Mu biyu ke kula da sanyin ɗakin da manyan na'urorin ajiye bayanai suke. Na'urorin nan in suka yi zafi mutuwa suke yi, kilim kuwa, wato injin sanyaya ɗaki, shan kuran ɗin lantarki gare shi kamar ba gobe.

Shi ya kawo dabarar tanki. Da dare, lokacin da gari ya huce, inji ya sanyaya ruwa a tara. Da rana ta take, a kashe manyan kilim, a saki ruwan ya bi bututu ya sanyaya ɗakin. Da sojoji suka hau mulki wuta ta yi wuya, tankin nan ne ya hana gurup, wato janaretanmu, cinye mana man gazuwal.

Rumbun sanyi yake ce masa. Yana yaro aka yi fari, ya ga rumbun babansu ba ko zangarniya ɗaya. Ya kan ce, "Ni hwa tun ran nan ba ni yarda da abin da ba a aje ba."

Ranar da na fara aiki ya ji na ce daga Korgom ta ƙasar Tasawa nake, sai ya yi dariya. "Ashe ɗan ƙauye anka kawo mini!" Ni ma ban bar shi ba, na ce Mayahi ai ƙauye ce mai ofis.

Kullum gorar fura biyu yake jinginawa jikin bututun sanyi. Ɗaya tawa ce. Bai taɓa tambaya ko ina so ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tankin nan ba a barinsa ba kowa. In ya tafi gida ni ke tsayawa, in na tafi shi ke tsayawa. Shekara da shekaru muna cewa wata rana za mu shiga mota ɗaya, ya sauka Mayahi mu ci tuwon innarsa, in wuce Tasawa. Ba mu taɓa yi ba.

Ganinmu na ƙarshe a bakin ƙofa ne, ya rame, jakarsa a hannu, zai tafi gida jinya. Na ce bari in raka shi ko zuwa tasha ne. Ya ce, "Wa ka bar ma rumbu? Tsaya, ƙanena. In tahi in dawo."

Na tsaya.

Bayan azahar za a yi masa sallah. Ko da mota ta tashi yanzu ba zan riske su ba, kuma ba wanda zan bar wa wurin. Daidai lokacin ne ake sakin ruwan. Za a kai shi makwancinsa ina nan ina murɗa famfo ni kaɗai. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na yau ba.

Ya Allah Ka gafarta masa, Ka sanyaya kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Wanda ke kusa da Mayahi kuma, don Allah ya je ya tsaya a sahu a madadina.