Babban Yatsan Baba Ambrose

Baba Ambrose mutumin Anaca ne, amma in ka tambaye shi garinsu sai ya ce Malaka. Mu nan Kakuri, ko Rido da ke kusa da mu ba mu gama sani ba, bare wani gari a bakin tekun Malaya.

Da ƙuruciya zuba kwal yake a jirgin ruwa. Zazzaɓi ya sa aka sauke shi a can, ya warke, ya auri Juliana, suka haifi Edith. Tafiya ɗaya tak ya koma yi, Japan suka shiga garin a bayansa. Daga nan sai Legas, sai Kaduna, sai gyaran fitila a gindin mangwaro kusa da tasha.

Tarihin Malaka a yatsunsa yake. Ya lanƙwasa ƙaramin: sarkin da ya gudo, ya huta a gindin bishiya, ya kafa gari. Na biyu, Fotugal da igwoginsu. Na uku, Holan. Na huɗu, Ingilishi. Babban yatsa na Japan ne, bai taɓa lanƙwasa shi ba. Da ya iso kan yatsan nan sai ya hau neman filaya.

"Baba, ƙarasa mana," nakan ce. "Ko yatsan ya yi tsatsa ne, mu ɗiga masa mai?"

"Kai Tagwai, bakinka kamar famfon tasha. Ranar da Juliana ta amsa za ka ji sauran."

Ni nake rubuta masa wasiƙa zuwa ga Juliana, kowace Kirsimeti. Har nawa nake ƙara mata: mijinki ya yi tumbi, ki hanzarta. Shiru. Shi kuwa yana ta lissafin girman Edith, wai duk saurayin da bai iya gyaran fitila ba kada ma ya taka ƙofarsa.

A 1957 rediyo ya ce Malaya ta sami 'yanci. Baba ya iso wurina yana haki. "Yanzu 'yan gari ne a gidan waya. Bar adireshin Bature mai lamba, rubuta: bayan coci, inda ake shanya kifi."

Na yi dariya, na rubuta. Ashe gaskiyarsa, wasiƙar ta isa.

Wani Fada na cocin ne ya amsa. Juliana ta rasu a shekara ta biyu da zuwan Japan. Edith ta bi ta kafin wata uku. Na karanta na sake karantawa, ina neman inda zan rage, babu.

"Shekararta nawa?"

"Uku, Baba."

Ya dubi hannunsa. Ya faro daga sarki, murya ƙasa-ƙasa, Fotugal, Holan, Ingilishi. Ya ce, "Japan suka zo." Ya lanƙwasa babban yatsan.

Ibrahim mai shayi, da bai ji wasiƙar ba, ya ce, "To 'yancin fa, Baba?"

Ya nuna masa hannun a dunƙule. "Yatsu sun ƙare."

Ya ƙara shekara biyu yana gyara mana fitila. Malaka kuwa bai sake ambatonta ba. In baƙo ya tambayi garinsu, sai ya ce Anaca.