Tiren Shayi da Ƙwallon Shugaba

Shekara talatin Baba mai shayi yana hidima a kulob ɗin golf, bai taɓa riƙe sandar wasan ba. Amma ya san ƙwallon shugaban kulob ɗin farin sani, don kullum sai ta miƙe kamar abin kirki, can ta sake shawara, ta karkace dama, ta faɗo masa ta tagar kicin.

Ranar da ta faɗa tukunyar madara, Baba ya fito filin da tire a hannu.

"Ranka ya daɗe, ɗaga sandar ka tsaya a sama."

Shugaba ya ɗaga, gwiwar hannunsa ta yi waje kamar fiffiken kaza. Baba ya danna ta ƙasa, ya juya masa tafin hannun dama har tafin ya kalli sama, ya ɗora masa tiren a kan tafin.

"Haka ake ɗauka. Riƙon da zai zubar da shayi, shi ke karkatar da ƙwallo."

Baba ya janye tirensa, Shugaba ya buga, ƙwallo ta tafi sak.

"Ikon Allah! Wa ya koya maka?"

"Ku ne, ranka ya daɗe. Shekara talatin kuna daka mini tsawa kada in zubar."