Likita a Bakin Tarho

Shekarar da aka tura ni ɗakin shan magani na garin Babban Mutum, fari ya riga ya gama da shanun mutane. Ni kaɗai ne ma'aikaci a wurin, aikina daga ba da maganin zazzaɓi sai wanke gyambo. Ciwon ƙwaƙwalwa kuwa ban san ta inda ake kama shi ba.

Ana nan sai ga takarda daga ma'aikatar lafiya. Aka ce a daina ɗaure masu taɓin hankali ana kai su asibiti mai nisa in ba dole ba. Duk Laraba a kai su Daura, likita zai yi magana da su ta tarho daga Kaduna. Amma sai da yardar mara lafiya, kuma kada kowa ya tsaya a kansu lokacin da suke magana da likita. Na karanta na ajiye, a raina ina cewa yaya mutum zai warkar da wanda bai gani ba.

Ba a yi sati biyu ba wata dattijuwa ta kawo ƙanenta, makiyayi ne, dogo, duk ya rame. Tun da garkensa ya ƙare ya daina magana, abinci ma sai an matsa masa.

Ta ce, "Malam, ka ba shi ko mene ne, amma kada a raba mu da shi."

Na ce, "Inna, ba mai raba ku da shi, Daura kawai zan kai shi ranar Laraba. Da yamma zan maido miki shi."

Na durƙusa na yi masa bayani, na tambaye shi ko ya yarda. Ya gyaɗa kai.

Ranar Laraba na goya shi a babur. A asibiti na gaya wa likita ta tarho abin da na gani, na nuna wa makiyayin yadda ake riƙe kan tarho, na fita na ja ƙofa. Na zauna a benci ina jira. Shiru, shiru. Can sai na jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa, ban ji abin da yake faɗa ba, ban kuma matsa kusa ba. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya ce, "Mutumin nan ya san shanu. Yana kiranka."

Likita ya faɗa mini ƙwayar da zan ba shi, ya ce in riƙa rubuta yadda yake barci da cin abinci.

Sauƙin bai zo da wuri ba, akwai Larabar da ya ƙi zuwa ma. Sai wata safiya yayarsa ta shigo tana dariya tana share hawaye.

Ta ce, "Malam, jiya har faɗa ya yi mini, wai miyata ba gishiri."

Na yi hamdala. Bayan kaka ya soma bin wani maƙwabcinsu kara, kasuwar shanu, yana koyon dillanci.