Kulash-apa, Wadda Ta Bar Mana Tafiyarta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Dakta Kulash Baimenova, wadda duk ƙauyenmu ke kira Kulash-apa, wato Inna Kulash a harshenmu. Ta cika ne tana tsaka da yi wa surukarta faɗa wai madarar shayi ta yi kaɗan.

Apa, da kuɗin gwamnati da ma'auni kika zo mana, aka ce ki binciko yadda yaran karkara ke girma: yaushe suke zama, yaushe suke rarrafe, yaushe suke takawa. Albarkacin binciken nan aka buɗe mana ɗakin shan magani, na farko a tarihin garin.

Zama da rarrafe ba su ba ki wahala ba. Tafiya ce ta tsaya miki a wuya. Mu nan ba a barin yaro ya taka sai an yanka rago, an ɗaure masa ƙafafu da igiya mai baƙi da fari, an samo mai kyakkyawar tafiya ya yanke ta, domin tafiyar mai yankan yaro yake ɗauka. Shekarar kuwa sanyi ya kashe tumaki, ba mai ragon biki. Yara na ta miƙewa, kakanni na zaunar da su. Sai aka aiko daga babban birni cewa in dusar ƙanƙara ta sauko ba sakamako, za a janye kuɗin, a rufe ɗakin maganin.

Kika yanka ragonki ɗaya tilo, kika tara iyaye da yara, har da ni, aka ɗaure mu a jere. Tsohon soja Tolegen, mai tafiya kamar an ja layi, shi ne zai yanke. Ya ci nama, ya sha romo, ya jingina da bango, ko tashi ya kasa. Sai kika ɗauki almakashi.

Allah Ya jiƙanki, Apa, amma tafiyar agwagwa kike yi, kowa ya sani.

Kakata ta yi tsalle ta tare ki. "Likita, don girman Allah ajiye abin nan! Jikan nawa za ki lalata? Wa zai ba shi mata?"

Kika ce, "Haba Iya, ni da wannan tafiyar na je jami'a na dawo. Ke da taki mai kyau ina kika taɓa zuwa, in ba gulma gidan maƙwabta ba?"

Kafin dariya ta lafa kin gama da mu. Muka taka, kika rubuta, ɗakin magani ya tsira. A sanyin shekarar yayata ta kamu da ciwon huhu, kuma a ɗakin nan kika ceto ta. Har yau ba na iya tuna wannan idona bai cika ba.

Kin rayu kina rantsuwa cewa ilimi bai yarda ana gadon tafiya ta almakashi ba. Ba mu taɓa musa miki ba. Amma a sansanin soja, tun daga nesa ake gane ɗan garinmu.

Jiya mu yaran igiyar muka ɗauki makararki, duk mun yi furfura. Muna tafe tana rangaji, dama, hagu, dama. Mutane suka fara murmushi, daga nan sai kuka ya ɓarke, domin sak haka kike shigowa gari da jakarki.

Muna yi wa ɗanki Nurjan da surukarki Saltanat da jikoki ta'aziyya. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ki ƙetare siraɗi lafiya, ko da irin tafiyar nan taki ce. Muna nan tafe a bayanki, Apa, kuma ba za ki sha wuyar gane mu ba.