Malam Sirajuddeen da Garkunan da Ba a Sani Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 16 ga Yuli, 2025, Allah ya karɓi ranka, Malam Sirajuddeen, a gidanka da ke Dutsin-Ma, bayan jinyar kwana shida.

Shekara tara muna ofis ɗaya a ƙungiyar makiyayanmu, kana riƙe da rumbun bayanan shanu a kwamfuta. Bara aka ce a ƙara gurbi a gaban sunan kowane garke, mai nuna ko an yi masa allurar ciwon huhu. Sababbin garkuna ba matsala, ana tambaya ana rubutawa. Tsofaffin, kusan ɗari bakwai, sai an zaɓi amsa ɗaya da kwamfuta za ta zuba musu gaba ɗaya. Shugabanmu ya ce a sa "an yi", don rahoto ya yi kyau a idon manya.

Ka ajiye tabarau ka ce, "Alhaji, garken da aka rubuta wa an yi, mai allura ba zai sake bi ta kansa ba." Ya ce ka bar kaza cikin gashinta. Ka ƙi, ka sa "ba a sani ba". Har yau raina yana ɓaci in na tuna dariyar da aka yi maka, da mu da muka sunkuyar da kai.

Ka hau tsohon babur ɗinka, Dabawa, Kutawa, har Kurfi, ruga ruga kana tambaya kana gyarawa. A Tamawa ka tarar da Dada, tsohuwa mai shanu goma sha biyu da allura ba ta taɓa taɓawa ba. Ka kai mata mai allura da kanka, ta ba ka nono a ƙwarya, ka shanye kana tsokanarta wai ta tsinka shi da ruwa.

Garke arba'in da ɗaya suka rage maka. Tun ba a yi sadakar ukunka ba, wani ya zauna a kujerarka ya mayar da su duka "an yi". Tir da wannan hali! Jiya na mayar da su yadda ka bar su, ko a bakin aikina.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hajiya Batula da 'ya'yanka. Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka. Ranar da za a buɗe littafin kowa, Allah ya sa ka tarar da naka da gaskiyar da ka rubuta wa shanun talakawa. Amin.