Kanon da Na Ƙera a Tantin Mina

Shekarar da na yi aikin raba shayi a tantin mata na Mina, aka haɗa ni da wata tsohuwa baƙar fata, 'yar jihar Misisipi ta Amurka. Larabcinta duk a karye, amma bakin nan ba ya hutawa. Marubuciya ce. Littafi biyu ta yi a kan ƙauyensu kaɗai: kogin da ke cinye musu gonakin auduga, tsohon shagon da baƙaƙen fata ba sa shiga ta ƙofar gaba, har maƙabartar bayi da ta bi kabari-kabari tana neman sunaye.

Abu ɗaya ya gagare ta, ba ta san daga ina aka kwaso kakanninta ba. Da ta ji ni Bahaushiya ce, sai ta damƙe hannuna. "Ba ni labarin garinku, wataƙila shi ne namu."

Ni kuwa a unguwar Zahir, nan ƙasa mai tsarki, aka yanke min cibi, ƙafata ba ta taɓa taka Kano ba. Amma in ce ban sani ba? Ni? Ina! Na zuba mata shayi, na zuba mata Kano. Na jera wa garin baƙaƙen duwatsu irin na bayan gidanmu, da ta tambayi ruwa kuma na ƙara masa teku. Tana ta rubutawa da biro a wani ɗan littafi tana "Masha Allah".

Ranar jifa ta biyu ta ce wannan zai shiga littafinta na uku, jikokinta su san asalinsu. Na garzaya gida wurin Inna, in karɓo na gaskiya in gyara.

Inna ta yi dariya har da hawaye. "Teku a Kano? Kai, ja'irar yarinya!"

"To ba ni na gaskiyar mana."

Sai ta daina dariyar. "Ni ma a nan aka haife ni. Kakarki ce ta sani. Kullum tana so ta ba ni, ina ce mata sai an jima, har ta rasu."

Na koma Mina na faɗa wa tsohuwar komai, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko fushi ba ta yi ba. Ta yage shafin tekun, ta miƙo min sauran littafin da biron.

"Mahaifiyarki tana da rai?"

Na ce e.

"To me kike yi a nan?"