Jar Saniyar Da Ta Ƙi Ɓoyuwa a Faifai

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fidda kai ba, sana'ata biyu ce a Sabon Birni. Ranar kasuwa ina dillancin shanu, sauran ranaku ina shago ina juya bidiyon biki da na suna zuwa faifai. Ta biyun ba wanda ya koya mini. Kwamfutar hannun wani mai barin gari na saye ta, ya nuna mini inda ake dannawa, ya tafi.

Akwai wani dattijo Bafillace daga wajen Kurawa da na daɗe ina yi wa dillanci. Shanunsa sun fara kwanciya, ciyawa babu, dusa ta fi ƙarfinsa. A kasuwarmu da ta garin Isa kowa sayarwa yake son yi. In bai rabu da su da wuri ba, fata kawai zai tsira da ita. Na kira wani Bayarabe a kudu da ke turo babbar mota, abokin cinikina kuma abokin wasa.

Ya ce, "Bagobiri, ba na turo mota a kan maganar bakinka. Bara ka ce bijimi, na ga akuya."

"Kai da ba ka san saniya ba sai cikin tukunya?"

"To nuna mini su a faifai. Kowace da wurinta, in danna rimot in tsallaka."

Wannan na iya, ko dai haka na ɗauka. Manhajar da nake juya bidiyo da ita tana da wurin sa alamar babi. Ka tsai da hoto inda kake so, ka sa alama, mai kallo ya danna ya faɗo daidai nan. Amma ba ta yanka komai, juyawa da sa alama kawai ta sani.

Na je rugar dattijon da kyamara, ana jawo mini su ɗaya bayan ɗaya. Ina tsakiyar ɗauka wata jar saniya ta shigo gaban kyamara ta tsaya, ta fi sauran jiki nesa ba kusa ba. Dattijon ya kore ta.

"Wagga ba ta ciki. Habbanaye ce."

Wato aro ce daga wani amininsa a tsallaken iyaka. Zai riƙe ta har ta haifa masa, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma gida. Ba a sayar da irinta ko ana mutuwa.

Na ce, "Baffa, kwantar da hankalinka. Za ni sa alama bayanta, mai dannawa ya tsallake ta."

A kwamfuta haka ta kasance. Na sa alamar daidai inda jar ta fice, wata fara ta shigo. Na buga faifai, na sa a na'urar shago don dattijon ya gani. Na danna, sai ga jar saniya ta cika talabijin tana kallonmu.

Ya ce, "Ka ce ka ɓoye ta."

"Na ɓoye ta."

"To wagga ƙanwarta ce?"

Na koma kwamfuta, alama tana inda na aje ta. Na matsar da ita gaba kaɗan, na sake bugawa. Jar ta sake fitowa. Na matsar da ita sosai, sai babin ya buɗe da wutsiyar farar tana fita, ba a ga jikinta ba. Na goge alamar gaba ɗaya, sai jar ta koma cikin babin da ke gabanta, lambobin sauran duk suka zame. Wani mai gyaran waya ya ce wai alama ba ta zama sai a kan wasu hotuna na musamman, in ba ta samu ba sai ta ja baya. Na tambaye shi yadda ake gane su. Ya ce shi ma ji ya yi.

Sake ɗauka ba ta yiwuwa, shanun sun yi nisa neman abin ci, ga direban da zai kai faifan zai tashi daga Isa. Na ba shi wanda jar ke ciki, na kira Bayaraben na ce ja ba ta sayarwa ba ce.

Da faifan ya isa ya kira ni yana dariya.

"Ka sa ta a gaba don in gani, sannan ka ce babu? Wayon Gobir ke nan. In babu ja, babu mota."

Na rantse masa na'ura ce ta yi. Ya ce na'ura ba ta san mai ƙiba ba.

Na faɗa wa dattijon yadda muka yi, ban rage komai ba. Na ce a ganina ya aika a tambayi mai ita, ƙila ya yarda.

Ya ce, "In na tambaye shi zai ce in sayar. Shi ya sa ba ni tambaya."

Washegari ya kora ta da ƙafa ya mayar wa mai ita, ba ta haifa masa komai ba. Na kira Bayaraben na ce ja ta bar ƙasar ma, in yana so ya bi ta Faransa, kamar yadda muke kiran tsallaken iyaka. Ya zage ni, na rama. Ya yi ta jan rai, daga baya ya turo motar. Kafin ta iso wasu sun kwanta ba su tashi ba, farar nan tana cikinsu. Sauran ya kwashe a farashin da ya ga dama.

Faya-fayan gwajin suna nan cikin kwali. Na taɓa sa ɗaya bayan shekaru, na danna, jar ta fito tana kallona. Na buɗe tsohuwar kwamfutar na duba, alama tana bayanta, inda na sa ta.